MOLDOBA: HARSHE ƊAYA MAI SUNA BIYU

Ran 16 ga watan Maris na 2023, majalisar dokokin Jamhuriyar Moldoba ta zauna a birnin Kishinau domin kaɗa ƙuri'a a kan wata doka wadda ba ta shafi haraji ko albashi ba. Ƴan majalisa 58 daga cikin 101 suka yarda a goge sunan "harshen Moldoba" daga kundin tsarin mulki da sauran dokokin ƙasa, a rubuta "harshen Rumaniya" a gurbinsa. Ƴan adawa suka ɗaga kwalaye a zauren, suna cewa an ci amanar ƙasa. Ran 22 ga watan, shugabar ƙasa Maia Sandu ta sa wa dokar hannu.

Kashegari babu wanda ya wayi gari da sabon harshe a bakinsa. Manomi ya gai da maƙwabcinsa yadda ya saba, uwa ta kira ɗanta da kalmomin jiya. Abin da ya sake shi ne sunan da hukuma take ba wannan magana. Amma a kan wannan suna an kwashe kusan shekara ɗari ana gardama. An ɗaure marubuta, an harbe waɗansu, an rufe makarantu, an kuma zubar da jini a bakin kogi. Hausawa na cewa suna linzami ne. Labarin Moldoba yana nuna yadda masu mulki suke riƙe wannan linzami domin su juya al'umma inda suke so.

INDA ƘASAR TAKE

Moldoba ƙaramar ƙasa ce a gabashin Turai, ba ta da bakin teku. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 34,000 ba, mutanenta kuma ba su kai miliyan 3 ba. Ƙasar noma ce, mai baƙar ƙasa mai albarka, inda ake shuka inabi da masara da alkama. Daga yamma tana iyaka da Rumaniya, kogin Prut ne ya raba su. Daga arewa da gabas da kudu kuwa Ukren ce ta kewaye ta. A gabashin ƙasar akwai wani babban kogi mai suna Nistru. Ya kamata mai karatu ya riƙe sunayen kogunan nan biyu, domin a tsakaninsu ne dukkan labarin ya gudana.

Mafi yawan mutanen ƙasar Moldobawa ne. Akwai kuma Ukreniyawa da Rashawa da Bulgariyawa, da wata ƙabila da ake kira Gagauz, masu harshe dangin Turkanci amma Kiristoci ne.

ASALIN HARSHEN

Harshen da Moldobawa suke yi ɗan Latin ne, wato harshen Rumawan da. A shekara ta 106 sarkin Rum mai suna Trajan ya ci ƙasar Dasiya, wadda take inda Rumaniya take a yau. Sojoji da ƴan kasuwa da manoma suka zauna, Latin ɗinsu ya yi ta sakewa a bakin jama'a har ya zama Rumaniyanci. Saboda haka shi da Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci uwa ɗaya suke. Wanda ya ji Faransanci zai gane dangantakar: burodi da Bafaranshe yake kira "pain", a can "pâine" ne, madara da yake kira "lait", a can "lapte" ce. Fiye da mutum miliyan 20 ne suke magana da shi.

Kamar kowane harshe mai faɗin ƙasa, Rumaniyanci yana da karin magana iri iri. Mutumin arewa maso gabas yakan ce "ghine" inda na Bukares yake cewa "bine", wato da kyau. Masara a wurinsa "păpușoi" ce, a kudu kuwa "porumb". Kankana yakan kira ta "harbuz", na kudu ya ce "pepene". Abin lura shi ne wannan kari bai tsaya a bakin Prut ba. Ana jin sa a gabas da kogin, cikin Jamhuriyar Moldoba, ana kuma jin sa a yamma da shi, cikin lardin Rumaniya wanda shi ma sunansa Moldoba, mai babban birni Yash. Idan aka koma ga rubutu, jaridar Kishinau da ta Bukares nahawu ɗaya suke bi. Babu mai neman tafinta tsakaninsu. A wurin masana harsuna, Moldobanci da Rumaniyanci Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Sunan Moldoba kuwa ba ƙirƙirar jiya ba ce. Tun ƙarni na 14 akwai masarauta mai wannan suna, wadda ta haɗa gaɓoɓin Prut duka biyu. Sarkinta da ya fi shahara shi ne Stefan Mai Girma, wanda ya yi mulki daga 1457 zuwa 1504 yana gwabzawa da Turkawa. Marubutan masarautar sun yi amfani da sunayen biyu. A 1643 babban limamin cocin Moldoba, Varlaam, ya buga littafin wa'azi a Yash, ya kira shi littafin koyarwa na Rumaniyanci. Miron Costin, mai rubuta tarihi a ƙarni na 17, ya nuna cewa ko da yake mutanen ƙasarsa suna kiran kansu Moldobawa, harshen nasu da sunan Rum suke kiran sa. Dimitrie Cantemir, sarki kuma malami, ya yi maganar harshen Moldoba a littafin da ya rubuta a farkon ƙarni na 18, amma ya bayyana cewa shi ne dai ake yi a Walakiya da Tiransilbaniya, maƙwabtan lardunan da suke cikin Rumaniya a yau. A wancan zamani sunayen biyu suna zaune lafiya, ɗaya na ƙasa, ɗaya na dangi.

YADDA KOGI YA ZAMA IYAKA

A 1812, bayan yaƙi tsakanin Rasha da daular Turkawa ta Istanbul, aka ƙulla yarjejeniya a Bukares. Rasha ta karɓi rabin masarautar Moldoba na gabas, daga Prut zuwa Nistru, ta sa masa suna Basarabiya. Daga ranar, ƴan uwa suka kama hanya biyu.

A yamma, rabin da ya rage ya haɗu da Walakiya a 1859 ƙarƙashin Alexandru Ioan Cuza, daga nan aka sami ƙasar Rumaniya. Kafin lokacin, da baƙaƙen Siril ake rubuta harshen, wato dangin baƙaƙen da Rashawa suke rubutu da su, domin ta hanyar coci rubutu ya shigo. Jim kaɗan bayan haɗuwar sai sabuwar ƙasar ta koma ga baƙaƙen Latin, waɗanda ake kira boko. Aka buɗe makarantu, aka kafa jaridu, aka aro kalmomin ilimi da na ofis masu yawa daga Faransanci. Ta bakin malamin lakkol da shafin jarida ne ɗan ƙauye ya koyi cewa shi Barumane ne, harshensa kuma Rumaniyanci.

Wannan darasi bai ƙetara Prut ba. A Basarabiya, hukumar sarkin Rasha ta yi ta janye harshen daga lakkol da ofis da coci, har Rashanci ya mamaye su a rabi na biyu na ƙarni na 19. Mafi yawan manoma ba su iya karatu ba, ko da wane irin baƙi. Suka ci gaba da kiran kansu da sunan kakanninsu, Moldobawa, maganarsu kuma Moldobanci. A nan tushen gardamar yake: sunan ya riga ya zauna a zukatan talakawa kafin ƴan siyasa su mai da shi makami.

A 1918, bayan faɗuwar sarautar Rasha, majalisar Basarabiya ta zaɓi haɗuwa da Rumaniya. Shekara 22 yankin ya yi a ciki, ana koyar da Rumaniyanci da boko a makarantunsa. Sabuwar gwamnatin Sobiyet a Mosko ba ta taɓa amincewa da wannan haɗuwa ba.

HARSHEN DA AKA ƘERA A OFIS

A watan Oktoba na 1924, Tarayyar Sobiyet ta yanki wani tsiri a gabas da kogin Nistru, cikin Ukren, ta kira shi jamhuriyar Moldoba mai cin gashin kanta. Babban birninta Balta ne da farko, daga baya Tiraspol. Moldobawa ba su kai rabin mutanen wurin ba. Manufar a fili take: a kafa wata Moldoba a bakin iyaka, wadda wata rana za ta nemi Basarabiya a matsayin ƙasarta. Domin hujjar ta tsaya, dole a nuna cewa Moldobawa al'umma ce dabam da Rumaniyawa, masu harshe nasu na kansu.

Aka ba malamai aikin. Wani mai suna Leonid Madan ya tsara nahawu a kan karin ƙauyukan yankin. Aka kori kalmomin da Rumaniyanci ya aro daga Faransanci, aka ƙirƙiro sababbi ko aka aro na Rashanci. Abin da ya fito ya yi wa manoman da aka yi dominsu wuyar ganewa. A 1932 Mosko ta sake shawara: aka ajiye tsarin Madan, aka ɗauki boko da rubutaccen Rumaniyanci, da fatan littattafan Tiraspol su kai kwaminisanci har cikin Rumaniya. A 1938 aka sake juyawa, aka koma baƙaƙen Siril, irin na Rashanci. Marubuta da malamai da ma'aikatan da suka bi umarnin 1932 aka tuhume su da leƙen asiri. A kashe-kashen Stalin na 1937 da 1938 an harbe da dama daga cikinsu. Cikin shekara 14 an sauya wa harshe ɗaya riga sau uku, kowace sauyi kuma da umarnin ofis, ba da neman masu maganarsa ba.

A watan Agusta na 1939 Stalin da Hitler suka ƙulla yarjejeniyar da ta raba gabashin Turai tsakaninsu. A ƙarshen Yuni na 1940 sojojin Sobiyet suka shiga Basarabiya, ran 2 ga Agusta kuma aka kafa jamhuriyar Sobiyet ta Moldoba, aka haɗa mata wani ɓangare na tsirin gabas da Nistru. Rumaniya ta sake karɓe yankin a 1941, Sobiyet ta dawo a 1944, ta zauna har 1991.

SHEKARUN SHIRU

Bayan yaƙi, koyarwar hukuma ita ce Moldobanci harshe ne mai zaman kansa, kuma da baƙaƙen Siril ake rubuta shi. Yunwar 1946 da 1947, da kwasar fiye da mutum dubu 35 zuwa Siberiya da wasu wurare masu nisa a watan Yuli na 1949, sun koya wa jama'a kame baki. Wanda ya ce harshensa Rumaniyanci ne a fili yana iya rasa aikinsa.

Duk da haka, marubutan Kishinau sun yi wani aiki a hankali. Cikin shekarun 1950 suka jawo ƙa'idojin rubutu har suka zo daidai da na Bukares, baƙaƙe kawai suka bambanta. Makarantu suka shiga koyar da Mihai Eminescu da Ion Creangă, manyan marubutan Rumaniya na ƙarni na 19, da hujjar cewa an haife su a tsohuwar ƙasar Moldoba, saboda haka Moldobawa ne. Sai ga yaro a Kishinau da yaro a Bukares suna haddace waƙa ɗaya ta mawaƙi ɗaya, amma an gaya musu harsuna biyu suke koyo. Kamar a ce Hausar da aka rubuta da ajami da wadda aka rubuta da boko ba harshe ɗaya ba ne.

Babbar matsalar talaka a lokacin ba suna ba ce. Rashanci ne harshen ofis da masana'anta da babban ilimi. Bamoldobe ba ya samun ci gaba sai ya iya Rashanci, alhali Barashen da ya zo aiki Kishinau yana iya ƙare rayuwarsa bai koyi gaisuwar ƙasar ba. Harshen gida ya koma na ƙauye da kasuwa, ya cika da kalmomin aro.

AGUSTAN 1989

Da Gorbachev ya sassauta mulki, abin da ke cikin zukata ya fito. A 1988 masana da marubuta 66 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa. Buƙatu uku ne suka zama taken gwagwarmayar: a mai da harshen na hukuma, a koma rubuta shi da boko, a kuma amince cewa shi da Rumaniyanci ɗaya ne. Ran 27 ga Agusta na 1989 ɗaruruwan dubban mutane suka cika babban dandalin Kishinau. Ran 31 ga watan majalisa ta amince da harshen hukuma da kuma boko. Dokokin sun riƙe sunan Moldobanci, amma suka ambaci kasancewarsa ɗaya da Rumaniyanci. Har yau ranar 31 ga Agusta ranar hutu ce ta bikin harshe a ƙasar.

Murnar waɗansu ta zama fargabar waɗansu. Ma'aikatan masana'antu masu jin Rashanci a Tiraspol da Bender da Ribnitsa suka shiga yajin aiki. Suna tsoron rasa muƙamansu idan aka tilasta musu koyon harshen, suna kuma tsoron kada ƙasar ta haɗe da Rumaniya. A watan Satumba na 1990 shugabannin gabas da Nistru suka yi shelar ɓallewa, suka kafa abin da duniya take kira Transnistiriya. A 1992 aka gwabza yaƙi na ƴan watanni, ɗaruruwan mutane suka mutu, rundunar Rasha da ke wurin ta mara wa ƴan aware baya. An tsagaita wuta ran 21 ga Yuli na 1992. Babu wata ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ta amince da yankin a matsayin ƙasa, amma har yanzu ikon Kishinau bai kai can ba, sojojin Rasha kuma suna nan.

TAKARDU BIYU MASU SAƁANI

Ran 27 ga Agusta na 1991 Moldoba ta yi shelar ƴancin kai. Takardar shelar ta kira harshen ƙasa Rumaniyanci. Tutar ƙasar ta ɗauki launuka uku irin na Rumaniya, aka kuma ɗauki taken Rumaniya a matsayin taken ƙasa.

Amma zumuɗin haɗuwa bai daɗe ba. A zaɓen 1994 jam'iyyar manoma, wadda take son Moldoba ta tsaya da ƙafarta ta kuma zauna lafiya da Rasha, ta yi rinjaye. Kundin tsarin mulkin da aka amince da shi ran 29 ga Yuli na 1994 ya ce, a aya ta 13, harshen hukuma shi ne Moldobanci da baƙaƙen Latin. Aka sake taken ƙasa, aka ɗauki waƙar "Limba noastră", wato "Harshenmu", wadda Alexei Mateevici ya rubuta a 1917. Waƙar yabon harshe ce daga farko har ƙarshe, amma ba ta faɗi sunansa ba ko sau ɗaya, saboda haka kowane ɓangare yana iya rera ta da zuciya ɗaya.

A watan Satumba na 1994 Cibiyar Kimiyya ta Moldoba, wadda ita ce majalisar manyan masanan ƙasar, ta ce sunan da ya dace shi ne Rumaniyanci. A 1995 ɗalibai da malamai suka cika tituna makonni suna neman gyara. Shugaba Mircea Snegur ya kai wa majalisa shawarar a sake ayar, majalisa ta ƙi a 1996. Sai ƙasar ta zauna cikin wani irin hali: tsarin mulki yana cewa Moldobanci, littafin lakkol yana cewa Rumaniyanci. Ma'aikacin hukuma mai gudun rigima ya koyi dabara. Idan zai cika takarda ko ya yi jawabi, sai ya ce "harshen hukuma" kawai, ya bar mai sauraro ya sa sunan da ya ga dama.

Da jam'iyyar kwaminis ta Vladimir Voronin ta hau mulki a 2001, sunan Moldobanci ya sami gata. A 2003 wani ɗan siyasa kuma marubuci, Vasile Stati, ya buga ƙamus na Moldobanci zuwa Rumaniyanci mai kalmomi wajen dubu 19. Masana a Kishinau da Bukares suka yi watsi da shi, domin kalmomin da ya jera a gefen Moldobanci na karkara ne da tsofaffi, waɗanda mafi yawansu suna cikin ƙamusoshin Rumaniyanci tun da daɗewa. A 2008 hukumar da take ba harsunan duniya lambobin shaida domin ɗakunan karatu da kwamfuta ta daina amfani da "mo", alamar Moldobanci, ta bar "ro" ta wakilci duka.

HUKUNCIN KOTU

Ran 5 ga Disamba na 2013 kotun tsarin mulki ta yanke hukunci. Ta ce shelar ƴancin kai da kundin tsarin mulki abu ɗaya ne, inda kuma suka saɓa, shelar ce a gaba. Ke nan harshen hukuma Rumaniyanci ne. Amma rubutun aya ta 13 bai motsa ba, domin gyaran kundi yana bukatar kashi biyu cikin uku na ƴan majalisa, kuma ba a same su ba.

Dokar 2023 ta zo ne ta wannan ƙofa. Masu rinjaye suka ce ba gyaran kundi suke yi ba, hukuncin kotu suke zartarwa, saboda haka rinjaye na yau da kullum ya isa. Ƴan kwaminis da ƴan gurguzu suka ce an bi ta bayan gida, suka kai ƙara. A watan Maris na 2024 kotun ta tabbatar da dokar.

Lokacin da abin ya faru yana da ma'ana. Rasha ta afka wa Ukren a watan Fabrairu na 2022, a watan Yuni na shekarar kuma Tarayyar Turai ta karɓi Moldoba a matsayin mai neman shiga. Rumaniyanci yana cikin harsunan aiki na Tarayyar tun 2007, lokacin da Rumaniya ta shiga. Ɗaruruwan dubban Moldobawa suna riƙe da fasfon Rumaniya, suna aiki a Italiya da Faransa da Jamus. Ga masu mulkin Kishinau, sunan Rumaniyanci yana nuna yamma. Ga Mosko, wadda ta yi tir da dokar, sunan Moldobanci yana riƙe ƙasar a gabas. Ukren ma, wadda makarantunta na yankin Odesa suka daɗe suna koyar da Moldobanci a matsayin harshe dabam, ta amince a ƙarshen 2023 ta bar wannan suna.

ABIN DA JAMA'A SUKE CEWA

Doka ta gama nata, amma bakin jama'a bai bi ta nan take ba. A ƙidayar 2004, kashi 60 cikin 100 na mutanen ƙasar sun ce harshen uwarsu Moldobanci ne, wajen kashi 16 suka ce Rumaniyanci. A ta 2014, fiye da rabi suka ce Moldobanci, kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka ce Rumaniyanci. A ta 2024, bayan dokar, masu cewa Moldobanci sun ɗan gaza rabi, masu cewa Rumaniyanci kuma sun kai wajen uku cikin goma. Matasa da mutanen birni da masu ilimi mai zurfi sun fi karkata ga Rumaniyanci. Tsofaffi da mutanen karkara sun fi riƙe tsohon suna. Ana samun gida ɗaya inda kaka ta ba ma'aikacin ƙidaya amsa ɗaya, jikarta ta ba da wata, alhali da harshe ɗaya suka amsa.

Ba daidai ba ne a ɗauka duk mai cewa Moldobanci yaron Mosko ne. Da yawa suna faɗin sunan da suka ji a bakin iyayensu, kuma suna jin ciwo idan ɗan birni ya nuna musu cewa maganarsu ta ƙauye ce. Akwai kuma masu raba abin biyu: su Moldobawa ne, harshensu Rumaniyanci. A ƙidayar 2014 kashi uku cikin huɗu sun kira kansu Moldobawa, kashi 7 cikin 100 ne kawai suka ce su Rumaniyawa ne, adadin da bai kai na masu kiran harshen Rumaniyanci ba ko kusa. Masu wannan ra'ayi sukan kawo misalin Ostiriya, inda ake Jamusanci, da Barazil, inda ake Fotugisanci, ba tare da ƙasashen sun rasa ƴancinsu ba.

YARAN ƘETAREN NISTRU

Inda gardamar ta fi cizo shi ne Transnistiriya. Hukumomin can suna da harsunan aiki uku: Rashanci da Ukreniyanci da Moldobanci, kuma dokarsu ta 1992 ta ce dole da baƙaƙen Siril za a rubuta na ukun. Nan ne kaɗai a duniya wannan rubutu ya rage yana da matsayi na hukuma. Yaron da ya yi karatu da shi yana da ƙarancin littattafai na zamani, jami'o'in Kishinau da na Rumaniya kuma da boko suke aiki. Saboda haka iyaye da yawa sun gwammace su kai ƴaƴansu lakkol ta Rashanci.

Makarantu 8 ne suka nace a kan boko da tsarin karatun Kishinau, kuma sun sha wahala a kai. A 2002 aka kori makarantar garin Grigoriopol daga gininta. Ta koma ƙauyen Dorotskaya, inda ikon Kishinau yake, ana kwasar yara da motoci kowace safiya suna ratsa shingayen bincike. A 2004 ƴan sandan yankin suka rufe waɗansu makarantun da ƙarfi, aka yanke wa wasu ruwa da lantarki, iyaye da malamai suka kwana a cikin azuzuwa domin kare su. Iyaye da ɗalibai suka kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai da ke Strasbur. Ran 19 ga Oktoba na 2012 kotun ta ce an tauye wa yaran haƙƙin ilimi, ta ɗora alhakin a kan Rasha saboda goyon bayan da take ba hukumomin yankin, ta kuma ce a biya kowane mai ƙara yuro 6,000.

Waɗannan yara ba su nemi sabon harshe ba. Sun nemi su rubuta maganar iyayensu da baƙaƙen da za su buɗe musu littattafai da jami'a da aiki. Shekara 100 bayan kafa ƙaramar jamhuriyar 1924, kundin Moldoba da masana da littafin lakkol sun zo kan suna ɗaya. Kusan rabin jama'a suna nan a kan tsohon, babu kuma dokar da ta hana su faɗinsa a gida ko a kasuwa. A ƙetaren Nistru kuwa, har yanzu zaɓin baƙaƙen da yaro zai fara koyo yana iya jawo wa iyayensa tambayoyin hukuma.